Raɓar Cikin Ɗaki

Na ɗora bene a unguwar Ali Ɗan Sofo,
ƙasa shagon ɗinki, sama iyali,
matakala ɗaya tak, siririya kamar wuyan gora.
Ma'aikacin magajin gari ya zo da igiyar awo da biro,
ya hau, ya sauko, ya sake hawa.
Ya ce, Tela, in wuta ta tashi daga ƙasa
ta ina ƴaƴanka za su bi?
Na ce Allah ya kiyaye.
Ya ce amin, amma hatimina ba ya hawa kan amin.

Ko in fasa bango in yi matakala ta biyu,
in cinye rabin ɗakin Cima,
ko in sa abin da ya kira feshin ruwa.
Kwana uku ina lissafin jikkuna a bayan kwalin zare.

Ni fa ruwa na fi tsoro.
Shekarar da shagona na kasuwa ya kama,
wuta ta ci tebur biyu da labule,
ta ƙoshi, ta kwanta.
Ruwan taimako ne ya gama da ni:
bokiti, tulu, jarka,
daga baya mesar ƴan kwana-kwana.
Shaddar sallah ta mutum talatin
ta koma launi ɗaya, launin kwata.
Shekara biyu ina biyan bashin alherin maƙwabta.

Ranau mai famfo ya iso da bututu sirara,
ya bi da su ta cikin rufi,
ya bar kawuna ƙanana kamar maɓallin riga,
ɗaya bisa kekunan ɗinki,
ɗaya a madafa, biyu a matakala.
Tankin bai kai randar uwata ba.
Na ce, Ranau, wannan ai ko wankan jariri bai isa ba.
Ya ce, kai da yawan zare kake ƙawata wuyan riga?
Ɗigo ɗaya za a farfasa gida dubu,
kowane ya haɗiyi zafi, ya zama tururi,
su taru su toshe wa wuta hanci.
Na ce in an ɗauke lantarki fa?
Ya nuna mini batir da haɓa, bai ko juyo ba.

Ranar gwaji Cima ta kwashe yara zuwa tsallaken titi.
Muka zuba ƙyallaye a rabin duro,
muka yayyafa man gyaɗa, na ƙyasta ashana da hannuna.
Na rataye shadda yadi biyar da gangan a kusa.
Harshen wuta ya kai ƙirjina.
Ma'aikaci yana kallon agogo.
Ni ina kallon shadda.

Sai tsss.

Ba ruwan sama ba, ba ma yayyafi ba.
Irin abin nan da ke kwanciya kan ganyen tumatir
a bakin Gulbi kafin rana ta farka.
Wutar ta yi tari, ta durƙusa,
ta nemi numfashi ta rasa.

Na taɓa shadda.
Danshi kawai, irin wanda maigidana Na-Allah ya koya mini,
a cika baki da ruwa, a fesa wa riga kafin guga.
Ashe shekara talatin abin yana cikin kumatuna.

Hatimi ya hau takarda, dum.

Har yanzu Ranau yana bi na jikka arba'in,
ina rage masa da ɗinkin kaftani.
Da dare in na rufe shago nakan ɗaga kai
in ƙirga maɓallan nan huɗu, ban san dalili ba.
Jiya autata Barira ta ja mini riga a matakala,
ta ce, Baba, yaushe za a sake yin raɓa cikin ɗaki?
Ni ban gani ba ranar.

Na ce mata, hau ki kwanta.
Allah ya sa ki tsufa ba ki gani ba.