Lungun da Taswira Ba Ta Sani Ba

Shekara sha tara ina riƙe da alli,
ina zana kogunan da ban taɓa tsallakawa ba,
yara su haddace, su zube mini a takarda, su manta.
Ran Talatar nan aka ba mu aron majigi
da kwamfuta ɗaya mai tsagaggen murfi.
Na rataye wayata a ƙarfen taga,
don ta nan kaɗai sabis ke leƙo mu.

Sai ga Katsina kwance a bangon aji,
yadda shirwa ke ganinta.
Ga Ƙofar Guga, ga Ƙofar Marusa,
ga titin da ya miƙe ya nufi Jibiya.
Ko tari babu.

Barira ce ta miƙe, ba ta ko ɗaga hannu ba.
"Malam, a ja ta yamma. Ƙara. Tsaya nan."
Wurin fari fat kamar bayan faranti.
"Gida arba'in ne a nan, har da namu,
amma ta ce fili ne."

Na ce, to ku gaya mata.

Ɗalhatu ya ɗiga jan ɗigo:
famfon da ba ya kawo ruwa sai bayan la'asar.
Murja ta sa kwalbatin da ya haɗiye takalminta
a daminar bara, ƙafar hagu.
Lurwanu ya ja lungun da yatsa na rawa,
ya karkace, aka yi masa ca,
ya ce ai lungun ma haka ya karkace.

Muna cikin haka sai ga wata kibiya 'yar mitsitsiya
tana yawo a bangonmu, ba hannun kowa a kai.
'Yan ajin Malama Sa'adiyya ne daga Daura,
shafi ɗaya muke, su shuɗi, mu ja.
Wani Kamilu ya rubuto:
"Maƙera kuke nufi? Ku mayar mata da ƙugiyarta."
Aji ya ɗau zafi.
Minti goma suna tankaɗe da rairayar Daura
har suka kama wata kasuwa da aka aje a tsakiyar kwalta.
Ihun da suka yi, shugaban makaranta sai da ya leƙo.

Rigima ta gaske a kan tsamiya aka yi ta.
Ummulkhairi ta sa ta a bakin mararraba.
Aka ce an sare ta tun ba a haife ki ba.
Ta ce, "To me kuke ce wa mai a-daidaita?
Ba 'sauke ni a Tsamiya' ba?"
Suka juyo gare ni.
Na duba cikina, babu wannan a manhaja.
Aka ƙirga hannuwa, aka bar ɗigon,
ƙarƙashinsa: an sare ta, sunan na nan.

Sagiru ya kai kibiya ƙofar gidansu,
na dafa hannunsa.
Wannan bangon, na ce, duniya na leƙensa.
Sa rijiya, sa lungu, sa inuwa,
ƙofar gida kuwa a bar ta a ka.

Sha biyu saura, aka ɗauke wuta.
Bango ya koma bango, da tsagarsa da zanen ƙadangare.
"Shi ke nan ya goge?" in ji Murja.
Na ce yana nan, 'yan Daura na tsaronsa.
Ba ta yarda ba sai da na nuna mata a waya.

Da yamma na bar titin da na saba,
na tura babur cikin karkataccen layin Lurwanu.
Shekara sha tara yana bayan katangar makaranta.
Na ji famfon na tari, zai kawo.
Na iske kwalbatin daidai inda ta ce,
na sauka, na ɗaga ƙafa da kyau,
na tambayi wani tsoho hanyar fita.
Ya ce, "Miƙe, in ka kai Tsamiya ka yi dama."