Fayil Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ni masinja ne, Barau sunana.
Shekara goma sha tara ina hawan matakalar hukumar al'adu
da takardun mutane a hammata.
Ban iya kaɗa ganga ba, ban iya saƙa ba,
amma duk wanda ya iya a garin Jos
sai da kukansa ya bi ta hannuna.

Ngo Chundung ta zo ran wata Talata
daga Naraguta, da yumɓu a ƙarƙashin farce.
Ba ta nemi mota ba, ba ta nemi kujera ba.
Rufi take so, in ji ta,
kwano bandir uku a kan wurin gashin tukwane,
don ruwan Agusta ba ya sallama,
yakan faɗo wa wuta tana tsakar aiki,
tukunya arba'in su tsage a dare ɗaya.

Aka ce ta rubuto. Jikanta ya rubuta.
Aka ce hoto biyu. Ta kawo.
Aka ce ina rajistar ƙungiya?
Ta ce, ƙungiyar ai ni ce da 'yan mata shida
da wani jaki da muke haya.

Na kai fayil tebur na ɗaya, aka ja masa jan biro.
Mai tebur na biyu yana taron bita a Abuja.
Na uku ya ce akwai shi a kasafi,
sai dai kasafi alkawari ne,
kuɗi kuwa ba a sako ba tukuna.
Da aka sako, biki ya kawo kai:
rumfuna, kujerun roba ɗari biyar,
lasifika, ruwan gora na manyan baƙi.
Masu rawa suka daki ƙasa tun hantsi har la'asar,
aka sallame su da kuɗin mota da lemo ɗai-ɗai.

Kada in ci amanar gaskiya.
Akwai Madam Nanret a ofishin ƙarshe,
mai rigar sanyin da ta ƙoƙe a gwiwar hannu.
Duk wata sai ta zaro fayil ɗin daga ƙasan tari,
ta kakkaɓe, ta ɗora a sama,
kamar mai juya waina don kada ta ƙone.
Da kunnena na ji tana ce wa darakta:
ranka ya daɗe, abin nan da muke ratayawa a bango
hannu ne ya yi shi,
mai hannun kuma yana cin abinci.

Damina biyu.
Bangon fayil ya yi laushi kamar tsohon zane.
Sannan takarda ta fito:
an amince da kashi ɗaya cikin uku.
Ni na kai mata, na hau keke daga Farin Gada da kuɗina.
Ta juya takardar gaba da baya,
ta ce, faɗa mini da lissafin kwano.
Na ce bandir ɗaya, in kafinta ya ji tausayi.
Ta daɗe tana kallon sama.
Ta ce, to, da babu gara ba daɗi.

Yanzu kusurwa guda a rufe take.
In hadari ya taso ta Dutsen Shere
'yan matan kan ja itace da gudu zuwa ƙarƙashin kwano,
sauran filin kuwa sai addu'a.

Watan jiya ta aiko da tulu,
baƙi wuluk, da zanen ƙaya a wuya.
Akanta ya ce doka ta hana karɓar kyauta,
sai aka shigar da shi littafin kayan gwamnati,
aka shafa masa lamba da farin fenti,
aka girke shi a bayan ƙofa.

Firjin ofis ya mutu tun bara,
kuɗin gyaransa na cikin kasafi.
In rana ta take,
daga darakta har ni,
a bayan ƙofar nan muke haɗuwa,
kowa da kofinsa.