Tiyo Mai Waya Biyu

Daren jiya aka yi ruwan shuka.
Da asuba na ta da tantan,
ban gama kunya ta tara a gonar Malam Haladu ba
na ji fush! a bayana,
mai ya yi tsartuwa har ƙeyata,
garma ta faɗi, ta kafa hanci a ƙasa,
na ja liba, na sake ja,
ko gezau.

Mutum bakwai sun ba ni kafin alƙalami.
Ga su can a bakin gona,
ba wanda ya ce uffan,
sai kallon sama suke, suna kallona,
laima kuwa ba ta jiran bakanike.

Na kwance tiyon da sifana ashirin da biyu,
ya tsage a gwiwa, waya ta yi gashi,
na naɗe shi a buhun taki,
na hau bayan babur ɗin Lawandi
muka nufi Kura ta kan gadar kanal,
shinkafar rani ana ta sussuka,
ni cikina ana ta lissafi.

Tasi'u mai tiyo yana shan koko a rumfarsa.
Ya juya gawar a hannu, ya ce,
"Wa ya sayar maka da mai waya ɗaya?
Wannan ai rigar sallah ce, ba ta aiki ba."
Ya jawo wani baƙi, mai tauri kamar jijiyar raƙumi,
ya faɗi kuɗi,
na dafa ginshiƙi.

Sai batun kai.
Ya zube su a faranti kamar goron ɗaurin aure,
duk farare, duk kama ɗaya,
amma ya ce zare ba ya auren bare:
wani ya shiga zagaye biyu ya cije,
ka tilasta shi, ka kashe gida biyu.
Muka gwada huɗu, na biyar ya shige
sumul, kamar ya san hanya.

Injin matsewa babu wuta tun shekaranjiya.
"Ɗauki na ɗaurin hannu," in ji shi,
"kwanson hagu ake murɗa shi, ka ji? Hagu.
In ya kai ƙarshe ka ɗan sassauta,
ka shafa wa bakin mai, sannan dama.
Kuma ka ƙara yatsa uku a tsawo,
tiyo in ya ƙoshi tsukewa yake."

Na auna da mazagin wandona.
Lawandi ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ƙarƙashin ɗorawa na zauna da azahar,
na taka tiyo da ƙafa, na murɗa dama,
ya ƙi.
Na murɗa, ya ƙi.
Yarinyar Haladu, Asabe, mai kawo fura,
da ta ji ina maimaita karatun tun ɗazu,
ta ce, "Ba hagu ka ce ba?"
Na sha furar ban ɗago ba.

Da na ɗaura, na cika mai, na ba ta wuta,
hannuna ya miƙa zai shafa ya ji ko yana yoyo,
Lawandi ya buge shi,
ya nuna min nasa, mai yatsa huɗu.
Na yago kwalin sukari na kara.
Ya fito a bushe.

Na ja liba.
Garma ta yi nishi, ta ɗago,
ƙasa na zuba daga haƙoranta.
A bakin gona wani ya yi gyaran murya,
wani ya tafi ɗauko iri.

Inda man ya zuba ya yi baƙi, faɗin tabarma.
Malam Haladu ya tsaya a kai jim,
ya ce bana nan ba zai tsira ba,
ya ce Allah ya kiyaye gaba,
ya kewaye shi da sungumi, ya ci gaba da sara.

Tsohon tiyon yana rataye a ɗorawar.
Kan nasa biyu na cire, suna aljihuna,
suna ƙara in na taka.