Abin da Hanci Ya Sani

Shekara shida na yi a kan teku,
cikin jirgin da ya fi kasuwar Auyo girma,
bene goma sha biyu a bisa ruwa,
farin ƙyalle a hannuna na hagu,
ina zuba abin da ban taɓa kurɓa ba.

Giyar inabi, ja da fara,
da wata mai launin yawun goro.
Sunayensu ɗari da arba'in na haddace
yadda na san shanun Baba Ɗantani da ƙahonsu:
wannan ta kifi ce, waccan ta naman sa,
wannan sai ta sha iska kafin a sha ta.
Hanci ya sani, harshe bai yi shaida ba.

Akwai dattijon tebur na tara,
mai ƙirga kuɗinsa da leɓe.
Daren farko ya yafito ni:
"Kwana bakwai ne, yaro. Ya za a yi?"
Na ce, "Kofi-kofi shi ke cin aljihu.
Ɗauki kwalba uku a dunƙule.
Wadda ka rage, in rubuta lambar ɗakinka a wuyanta,
gobe ku haɗu inda kuka rabu.
Ta biyu daga ƙasan takarda kuwa, ƙyale ta,
tarko ce ga mai kunyar sayen araha."
Ya yi dariya har da tari.
"Kai wacce ka fi so?"
Na ce, "Ta gida."
Ya duba takarda, bai gan ta ba.

To, ga ni a gida.
Kogi ya kawo, ya haɗiye hanyar mota,
kwalekwalen Tasi'u ne jirginmu:
mutum ashirin, awaki biyu,
buhun tattasai, babur a kwance kamar majinyaci.
Goggo Dije a tsakiya da kularta,
zoɓo, kunun aya, tsamiya mai citta,
a robobin da wasu suka sha lemo suka yar.
Idonta ya yi yana,
lissafi ya dawo hannuna.

Jiya Malam Hudu ya kwance ƙunshin takarda,
soyayyar tarwaɗa da gurasa,
ya miƙo ɗari biyu da ta sha gumi.
"Sagiru, kai da ka ga duniya, zaɓa mini."
Hannuna na hagu ya lanƙwashe da kansa,
yana neman ƙyallen da babu.
Na ce, "Kifi mai maiƙo tsamiya yake so.
Kunun aya na safe ne, rana na ɗagawa ya juya.
Kar ka ɗauki ƙarama sau biyu,
babba guda ta fi sauƙi.
Sha rabi, in ɗaura mata zare a wuya,
da la'asar in ka dawo ka tarar da ita a ƙanƙara."
Ya ce, "Ka ɗanɗana?"
Na buɗe tawa, na kurɓa a gabansa,
citta ta ɗebo mini hawaye.

Kuɗin teku ya zama kwanon rufin Goggo.
Liman ya ce mai zubawa ma yana ciki,
ban yi musu ba, na sunkuyar da kai.
In ruwa na dukan kwanon nan da dare
nakan kwanta ina sauraro,
ban san ko rahama ce ke sauka
ko ƙirga mini ake yi ba.

Da asuba dai Tasi'u zai buga gora a bakin gaɓa.
Robar Malam Hudu na nan da jan zarenta,
bai dawo ta jirginmu ba jiya.
Na sa mata sabuwar ƙanƙara.