Rami na Uku

Biyu na binne a gonar nan ta bayan Topola,
itacen tuffa biyu, da hannuna.
Ban ce na dasa ba. Binnewa na yi.

Shekara talatin ina ɗaure noti a masana'antar Jamus,
na dawo da fansho da ciwon ƙugu
da zaton ƙasa ma inji ce,
ka zuba mata ta sama, ka tara hannu ta ƙasa.
Laka ta ƙyale ni har na gama bayanina.

Baƙar laka ce, ta gado.
Da zafi ta dare, ka zura hannu har gwiwa,
da ruwa ta cafke takalmi kamar mai bin bashi.
Suruka babana yake kiranta:
ba a shigar mata da gaggawa,
ba a ɗaga mata murya.

Ina cikin rami na uku, zurfi ya kai cinya,
Zagorka ta leƙo ta kan shinge,
shekara tamanin da ɗaya, haƙori huɗu.
"Desimir, randa kake ginawa?"
Na duba. Shebur ya goge bangon sumul,
har yana ƙyalli.
Ta ce in juye bokiti guda, in tafi in kwanta.

Da safe ruwan na nan yadda na bar shi,
da guntun gajimare a ciki
da tana ɗaya da ta mutu da dare.
A nan na ga abin da ya ci biyun farko.
Ba sanyi ba ne, ba zomo ba.
Ni ne na shayar da su har lahira.

"Bar zurfi, bi faɗi.
Saiwa ba rijiya take nema ba.
Karce bangon nan da cokalin noma, ka bar mata ƙofofi.
Kuma kwashe takin da ka tula.
Ɗan da aka shagwaɓa a ɗaki
kewaya gado yake yi, ba ya fita."

Na mayar wa laka lakarta,
ina marmasa hoge da yatsa ɗaya bayan ɗaya,
na tayar da ɗan tudu, kamar kifaffen akushi,
na zaunar da dashen a kai.
Kaurinsa bai fi babban yatsana ba.
Na baza saiwoyin yadda ake tsefe gashin yarinya,
na bar gaɓar auren yatsa huɗu sama da ƙasa
don kada ya manta wanda aka aura masa.
Turke ta gefen iska, tsumman riga na ɗaure su da shi,
sako-sako, ya samu wurin rangaji.
Tattakar alkama a kewaye, ban da wuyansa.

Nuwamba ce. Ƙararrawar coci ta buga huɗu,
duhu ya riga ya taso daga kwari.
Na ce shekara biyar kafin ya haifa, in ya ga dama.
Zagorka ta yi lissafinta a boye, leɓe na motsi,
sannan ta ce ta farko tata ce, kada in kuskura.

Na zuba rabin bokiti, na durƙusa.
Ruwan ya tsaya, ya yi shawara,
sai na ji laka ta yi wani ɗan tsaki
ta fara haɗiya.

Takalmana suna bakin ƙofa, kowane da nauyin tubali.
Gobe na kankare. Ko jibi.