Ranar da Ruwa Ya Ɗauke Ni

Mu goma sha ɗaya ne a Ƙungiyar Masu Son Jirgi,
a garin da famfo ke yin tari kafin ya tofo ɗigo.
Damagaram ta yi mana dariya har ta gaji.
Ba mu tanka ba. Dala ashirin kowace Juma'a
muke jefawa a gwangwanin madara
da Falmata ke ɓoyewa bayan keken ɗinkinta.

Wata bakwai kafin ya cika.

Motar Tanimun ta kwashe mu daga Garin Malam
tun shayi bai tsumu ba.
Ta mutu a Mirya, muka tura,
ta sake mutuwa, muka sake turawa,
Mushe Girema na karanto mana dokoki ta taga:
doka ta huɗu, kada kowa ya miƙe tsaye cikin jirgi.
Shi ma bai taɓa shiga ba.

Sai ga Gidimuni.
Dabino ya ja sahu, rake ya yi duhu,
tafki na kwance kamar wanda ba a bin sa bashi.

Abarshi na jiranmu, ƙafa cikin laka.
Jirginsa tsoho ne, an toshe haƙarƙarinsa da auduga da kwalta.
Ya kafa gora a tsakiya,
ya ɗinke buhun shinkafa takwas ya rataya,
har yanzu ana karanta kilo hamsin a jikin na sama.
"In iska ta ga dama," in ji shi, "ita ke da aiki.
In ta ƙi, ku ne."

Ni Sahabi ɗan ga-ruwa,
shekara ashirin da biyu ina tura kura mai jarka goma
daga famfo zuwa Birni, daga Birni zuwa famfo.
Na san nauyin ruwa a gwiwa da ƙashin baya,
na san kuɗinsa in bazara ta yi tsanani.
Ban san yana da tafin hannu ba.
Da na taka, jirgi ya rusuna,
sannan wani abu daga ƙasa ya tallabe ni.

Buhunan suka yi ciki.
Kacalla ta buɗe mana hanya, zalɓe ya ɗaga ƙafa ɗaya ya fasa.
Barira ta rufe ido tana salati,
ta buɗe, ta ce a miƙo mata dambun zogale.
Na kama kaina ina lissafi:
jarka nawa ke nan zuwa wancan dabino?
Na kai dubu, na ji kunya, na bari.

Da azahar iska ta tafi nata sha'ani.
Muka tsaya cak a tsakiya,
ruwa na shigowa ta wata kafa, a hankali, kamar baƙo mai ladabi.
Mushe Girema ya miƙe zai yi jawabi,
jirgi ya karkata, hularsa ta sauka,
ta kama hanyar gabas ita kaɗai, ba fasinja.
Wani ya ce, "Doka ta huɗu."
Dariya ta kusa kifar da mu.

Falmata ta miƙo min gwangwanin nan, yanzu babu ko dala.
"Kwashe, Sahabi, kai ne gwani."
Na cika shi. Hannuna ya tsaya a sama.
Tunda uwata ta haife ni ban taɓa zubar da ruwa ba.
Abarshi ya dube ni ya ce,
"Ba zubarwa kake ba, gida kake mai da shi."
Na juye. Na sake juyewa.

La'asar ta dawo mana da iska.

Yau Litinin, na koma layi, ni ne na sha bakwai.
Na ɗaura jarka goma, na hau tudun Birni,
suna ta ɓalam-ɓalam a gabana.
Shekara ashirin da biyu ina jin wannan ƙara
ina zaton gunaguni ne.