Suna Ɗaya a Rajista

Mako uku na ba 'yan ajina na bakwai,
na ce kowa ya tono mini yaƙin basasa
daga ƙasar da ƙafarsa ke takawa.
Nan Kentucky ne, inda uwa ɗaya
ta ɗinka riga shuɗiya, ta ɗinka ruwan toka,
ta ba wa ɗaya, ta ba ƙane ɗaya,
ta zauna bakin ƙofa tana jiran mai dawowa.

Wendell ya kawo harsashi a kwalbar zuma,
garmar kakansa ta tono shi a gonar taba.
Ya yi fari kamar haƙorin akuya,
yara na ta auna shi a tafin hannu.
Anjali ta ce iyayenta baƙi ne a ƙasar nan,
ina ruwanta da gawar wasu?
Sai ta faɗa cikin lissafin asibitin sansani,
ta gano gudawa ta fi bindiga cin soja,
kwana biyu ta ƙi shan ruwan famfo.

Ranar Laraba, ruwa na dukan taga,
Corinne Burdette ta shigo da littafi naɗe a tawul,
na cinikin gidansu, tawadar ta koma ruwan ƙasa.
Alfadari biyu. Buhun gishiri. Gyaran keken doki.
Tana karantawa, ana dariyar arhar da,
har ta kai layi na sha ɗaya:
"Dilsey, shekara sha tara, da ɗanta na goye,
dala ɗari takwas."

A kujerar baya, jikin taga,
Lamont Burdette ya ajiye fensirinsa.
Tun suna ƙanana ake kiran su a jere,
ita fara, shi baƙi, ana tsokana:
ku wa da ƙanwa ne?
Ya ce, "Akwai Dilsey a bangon Littafi Mai Tsarki na kakata.
Ita ce a sama.
Ba ranar haihuwa, ba sunan uba."

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli.
Na san ranar kowace arangama
da sunan kowane kogin da ya sha jini,
amma harshena ya zama dutsen niƙa.
Agogon bango kaɗai ke magana.
Corinne ta rufe littafin, ta sake buɗewa.
Ba ta ce yi haƙuri ba,
shi ma bai ce ba komai ba.
Wace kalma 'yar shekara sha biyu
za ta ɗauko ta biya wannan bashi?

Washegari suka haɗa tebur biyu.
Gardama ta kaure: me za a sa a sama,
sunan ko farashin?
Ita ta so a rufe kuɗin da ɗan yatsa.
Ya ce, "Bar shi. Ƙara masa girma ma.
Kada ki share mini abin da ya faru."
Suka bi sawun ɗan goyen nan, Amos,
ya girma, ya tsallake shinge da dare,
ya sa shuɗi yana ɗan sha takwas,
inda aka ce ya sa hannu
ya ja layi biyu masu gicciye.

Mahaifin Corinne ya kira ni da yamma,
ya ce garin tone-tone
kaza kan tono wuƙar yanka ta.
Na ce wuƙar ta riga kazar zuwa gidan.
Ya yi shiru. Na ji numfashinsa a waya.
Can ya ce akwai wani littafin a soro,
zai duba.

Na ba su maki, ban san abin da na auna ba.
Yau da safe na buɗe rajista:
Burdette. "Ga ni."
Burdette. "Ga ni."
Na ɗan jira kafin na wuce gaba,
kamar da saura wata da za ta amsa.